Dabbobi Goma Sha Biyu a Bayan Madubi: Nazari a Kan Madubin Tagulla na Tsohuwar Ƙasar Sin

1.0 Gabatarwa

Kafin madubin gilashi ya wadata a ƙasar Sin, abin da bai tabbata ba sai a zamanin daular Qing (1644–1911), mutanen ƙasar sun shafe fiye da shekara dubu uku suna duba fuskokinsu a jikin faifan tagulla. Wannan faifai fuska biyu gare shi. Ɗaya an goge ta sumul har tana ɗaukar ido, ita ce ake dubawa. Ɗayar kuwa, wato bayan madubin, tana da ɗan tudu mai huda a tsakiya inda ake zura igiya ko ƙyallen siliki don a sami wurin riƙewa, an kuma kewaye tudun da zane-zane da rubuce-rubuce waɗanda aka zubo su tare da ƙarfen tun a wajen ƙira. A yau fuskar da aka yi madubin dominta ta riga ta dushe, tsatsa ta cinye ta. Bayan shi ne ya wanzu, shi ne kuma gidajen adana kayan tarihi suke juyowa ga masu kallo.

Daga cikin zane-zanen da ake samu a bayan irin wannan madubi akwai jerin dabbobi goma sha biyu, wato ɓera da sa da damisa da zomo da lung da maciji da doki da tunkiya da biri da zakara da kare da alade. Lung wata dabbar almara ce mai jikin maciji da ƙaho da ƙafafu huɗu, wadda Sinawa ke dangantawa da ruwan sama da sarauta. Damisar kuwa irin ta Asiya ce mai ratsi-ratsi. Turawan da suka yi rubutu kan waɗannan dabbobi sun laƙaba musu kalmar da suke kiran burujai da ita, don sun ga su ma goma sha biyu ne, a da'ira kuma aka jera su. Saboda haka duk mai fassara zuwa Hausa, kalmar da za ta fara zo masa ita ce "buruji". Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan fassara ba ta dace ba. Dabbobin ba gungun taurari ba ne. Alamomi ne na sa'o'i da watanni da shekaru da shiyyoyin duniya, kuma sai an fahimci haka ne za a gane dalilin da ya sa aka ɗora su a bayan madubi, har aka riƙa binne mamata da shi.

An rubuta sunayen Sinanci a nan bisa ƙa'idar rubutun boko da hukumar ƙasar ta amince da ita. A cikinta harafin "x" yana kusa da "sh" na Hausa, "q" yana kusa da "c", "zh" kuma yana kusa da "j". An taƙaita "kafin Miladiyya" zuwa K.M.

2.0 Ƙarfen da Ƙirarsa

Madubai mafiya tsufa da aka tono a ƙasar Sin sun fito ne daga arewa maso yammacin ƙasar, a yankunan Qinghai da Gansu, kuma an yi su wajejen shekara ta 2000 K.M. A shekarar 1976 an sami wasu guda huɗu a Anyang, cikin kabarin Fu Hao, matar wani sarkin daular Shang da ta rasu wajejen 1200 K.M. Amma madubi bai zama kayan masarufi ba sai daga ƙarni na huɗu K.M. Kafin nan, kwanon ruwa ake sunkuyawa a duba.

Tagullar madubi ta sha bamban da ta tukwane da makamai. Daga zamanin daular Han (206 K.M. zuwa 220) har zuwa daular Tang (618–907), gaurayen yakan ƙunshi kimanin kashi 70 cikin ɗari na jan ƙarfe, da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na kuza, sauran kuma dalma. Yawan kuzar shi ke sa ƙarfen ya yi fari kamar azurfa, ya yi tauri, ya karɓi guga. Shi ne kuma ke sa ya zama mai saurin fashewa idan ya faɗi, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ake tonowa a tsage suke. Ana sassaƙa zanen ne a mazubin yumɓu, a narka ƙarfen a zuba, in ya huce a kankare fuskar a goge. Littafin Huainanzi, wanda aka miƙa wa sarki a shekarar 139 K.M., ya ambaci cewa sabon madubi ba ya nuna komai sai an shafa masa wani abu da ya kira baƙar kuza an dirje shi da farin gashi. Masana da yawa suna ganin kuza ce aka haɗa da zaiba. Da yake fuskar tana dushewa da daɗewa, wankin madubi ya zama sana'a ta musamman, masu ita suna bin unguwa-unguwa. Malamin nan Shen Kuo (1031–1095) ya lura da wata dabara ta maƙeran da: babban madubi sukan bar fuskarsa a shimfiɗe, ƙarami kuwa su ɗan tayar da tsakiyarsa domin fuskar mutum ta fito gaba ɗaya.

3.0 Rassa Goma Sha Biyu

Tun kafin a san da dabbobin, Sinawa suna da wasu jerin kalmomi biyu na ƙirga. Jeri na farko kalma goma ne, ana kiran su kututturan sama. Na biyu kalma goma sha biyu ne, ana kiran su rassan ƙasa: zi, chou, yin, mao, chen, si, wu, wei, shen, you, xu da hai. Idan aka ɗauki ɗaya daga kowane jeri ana haɗawa bi da bi, sai an yi haɗi sittin kafin a komo kan na farko. Da wannan zagaye na sittin mutanen Shang suka riƙa lissafin kwanaki, kamar yadda ake gani a rubutun duba da suka bari a jikin ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru. Daga zamanin Han aka soma amfani da shi wajen ƙirga shekaru, har yau kuma bai yanke ba: shekarar 1984 ce ta buɗe zagayen da ake ciki.

Rassan sun ɗauki ayyuka da yawa a lokaci guda, kuma a nan ne mabuɗin zancen yake. An raba dare da rana gida goma sha biyu, kowane gida awa biyu. Zi shi ne tsakar dare, daga ƙarfe 11 zuwa 1. Mao shi ne hudowar rana. Wu shi ne tsakar rana. You shi ne faɗuwarta. An raba shekara haka nan: zi shi ne watan da dare ya fi tsawo, wato wajejen 21 ga Disamba, wu kuma watan da yini ya fi tsawo. Sannan an raba sararin da ke kewaye da mutum: zi arewa, mao gabas, wu kudu, you yamma, sauran takwas ɗin suna cike tsakani biyu-biyu. Ke nan kalma ɗaya, alal misali wu, tana nufin tsakar rana da tsakiyar zafi da shiyyar kudu da wuta, duk a dunƙule. Da aka ba kowane reshe dabbarsa, sai dabbar ta gaji duk waɗannan ma'anoni. Ɓera ya zama arewa da tsakar dare da ruwa, doki ya zama kudu da tsakar rana da wuta.

Ba a ce rassan ba su da alaƙa da sama ko kaɗan ba. Masana falaki na Sin sun yi amfani da sunayensu wajen raba da'irar sama gida goma sha biyu, kuma ƙirgar shekaru goma sha biyu-biyu tana da nasaba da tauraron Mushtari, wanda ke kammala zagayensa cikin kusan shekara goma sha biyu. Sai dai babu wani gungun taurari da aka ce ya yi kama da ɓera ko zomo ko biri. Burujai kuwa, irin su Hamal da Saur da Jauza da Saraɗan, waɗanda suka samo asali daga Babila suka bi ta hannun Girkawa zuwa ga Larabawa har suka iso ga malaman hisabi na ƙasar Hausa, sunayen gungun taurari ne da rana ke bi ta cikinsu wata-wata. Burujin mutum ya danganta ga watan haihuwarsa, dabbarsa a lissafin Sinawa kuwa ga shekarar haihuwarsa.

4.0 Daga Rubutu Zuwa Dabba

Rassan sun riga dabbobin hawa bayan madubi da shekaru kusan ɗari biyar. A ƙarshen ƙarni na ɗaya K.M. da cikin ƙarni na ɗaya na Miladiyya, musamman a zamanin mulkin Wang Mang (9–23), wani irin madubi ya yi tashe wanda masana ke ganewa da wasu alamu masu kama da haruffan T da L da V na boko. Tsarinsa shi ne: tudun tsakiya yana cikin zane mai kusurwa huɗu, zanen kuma yana cikin da'irar madubin, daidai da fahimtar Sinawan da cewa sama zagayayya ce, ƙasa kuwa mai kusurwa huɗu. A cikin zanen an jera ƙananan ƙulalai goma sha biyu, a tsakankaninsu an rubuta sunayen rassan goma sha biyu, uku a kowane gefe. A wajen zanen akwai halittu huɗu masu tsaron shiyyoyi: Shuɗin Lung a gabas, Jan Tsuntsu a kudu, Farar Damisa a yamma, da Baƙin Mayaƙi a arewa, wanda ake zanawa a matsayin kunkuru da maciji ya nannaɗe. Alamun T da L da V iri ɗaya ne da waɗanda ke jikin allon wani wasa mai kama da dara da ake kira liubo, tsarin duka kuma ya yi kama da allon duba na wancan zamani, irin wanda aka samu a Fuyang cikin kabarin wani basarake da ya rasu a 165 K.M. Rubutun da ke zagaye da baki yakan yabi ma'aikatar da ta ƙera madubin, ya bayyana cewa lung da ke hagu da damisar da ke dama suna kore sharri, sannan ya yi wa mai shi fatan 'ya'ya da jikoki da tsawon ran iyaye. Gabas ta zama hagu ne domin a al'adarsu mai mulki kudu yake fuskanta idan ya zauna.

Su kuwa dabbobin, a wani wuri dabam suka fara bayyana, wurin da ba a zata ba. A shekarar 1975 an tono wasu rubuce-rubuce a jikin tsagin gora a Shuihudi, lardin Hubei, cikin kabarin wani ma'aikacin shari'a da aka binne a 217 K.M. Daga ciki akwai littafin zaɓen ranaku, wanda wani sashensa ke koyar da yadda ake gane ɓarawo. Idan an yi sata ranar zi, to dabbar ranar ɓera ce, ɓarawon kuma zai kasance mai tsinin baki da ƙarancin gemu. Haka aka bi sauran ranakun. Jerin bai gama daidaita ba a lokacin, don an ba wu barewa, an ba wei doki, an ba xu tsohuwar tunkiya, reshen chen kuma ba a ambaci dabbarsa ba.

Jerin da aka sani a yau ya fito ne a littafin Lunheng na Wang Chong, wanda aka haifa a shekara ta 27. Abin dariya shi ne, Wang Chong bai kawo shi don ya yarda da shi ba, ya kawo shi ne don ya ƙaryata masu cewa dabbobi suna cin junansu bisa tsarin ginshiƙai biyar na halitta, wato itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa. Hujjarsa mai sauƙi ce. Idan ruwa yana kashe wuta, kuma ɓera na ruwa ne doki na wuta, me ya hana ɓera ya kori doki? Idan ƙarfe yana sare itace, me ya hana zakara ya tsattsagi zomo? Ba'ar da ya yi wa masu wannan ra'ayi ita ce ta adana wa na baya shaidar cewa jerin ya kammala tun a ƙarni na ɗaya.

Danganta dabba da shekarar haihuwar mutum ya fito fili a ƙarni na shida. Tarihin daular Zhou ta Arewa ya adana wata wasiƙa ta shekarar 564 daga mahaifiyar Yuwen Hu, wanda ke riƙe da ragamar mulkin daular a lokacin. Tsohuwar ta yi fiye da shekara talatin a hannun maƙiya, don haka wasiƙar ta cika da abubuwan da uwa kaɗai za ta sani. Daga ciki har da cewa babban ɗanta na ɓera ne, mai bi masa na zomo, shi Yuwen Hu kuwa na maciji. A wannan ƙarni ne dai dabbobin suka shiga kaburbura. An sami ƙananan gumakansu na yumɓu a kaburburan zuriyar Cui a Linzi, an kuma zana su a ƙubbar kabarin Lou Rui da ke Taiyuan, wanda aka binne a 570, a ƙarƙashin zanen taurari.

Saboda haka da daular Sui (581–618) ta haɗa kan ƙasar bayan rarrabuwar ƙarnuka, maƙeran madubi suka farfaɗo da tsohon tsarin Han amma da sauyi ɗaya babba: inda da ake rubuta zi sai aka zana ɓera, inda ake rubuta wu aka zana doki. Sanannen fasalin wannan zamani da farkon Tang shi ne halittun nan huɗu a kewayen tudun tsakiya, sai wata da'ira ta waje da aka yanka gida goma sha biyu, kowane gida da dabbarsa, galibi a guje. Akwai kuma wanda aka sa rubutu ko zanen rassan tsiro a madadin halittun huɗu. Irin wannan na biyun aka samu a 1957 a yammacin birnin Xi'an, cikin kabarin Li Jingxun, wata yarinya 'yar shekara tara da ta rasu a 608. Kakarta ta wajen uwa, wadda 'yar sarkin da ya kafa daular ce, ita ta raine ta a fada, ita kuma ta sa aka binne ta da sarƙar zinariya da kwalaben gilashi da wannan madubi, wanda ɗan gajeren rubutun da ke jikinsa fatan tsawon rai ne.

Ana iya kawo dalili biyu na wannan sauyi. Na farko, sunan reshe sai mai karatu, amma ɓera da doki kowa ya san su. Na biyu, kuma shi ne mafi ƙarfi, tun da kowane mutum ya sami dabbar shekararsa, da'irar ta daina zama lissafin malamai kawai, ta zama wurin da mai madubi zai nemi kansa ya samu.

5.0 Karanta Bayan Madubi

Idan aka ɗauki madubin Sui mai halittu huɗu da dabbobi goma sha biyu aka duba da kyau, za a ga wani abu mai ɗaure kai. Lung ya fito sau biyu, damisa sau biyu, maciji ma haka. Bugu da ƙari, ba su zo wuri ɗaya ba. A inda aka kiyaye tsari, dabbar da ke daura da Shuɗin Lung na gabas zomo ne, lung na jerin sha biyu yana gaba kaɗan ta wajen kudu. Dabbar da ke daura da Farar Damisa ta yamma zakara ne, ita kuwa damisar jerin tana can arewa maso gabas, kusan a ɗaya gefen madubin. Wannan ba kuskuren maƙeri ba ne. Tsari biyu ne masu asali dabam-dabam aka ɗora ɗaya bisa ɗaya.

Wani abin lura shi ne, daga cikin biyun, halittun huɗu su ne na taurari. Sinawa sun raba hanyar wata a sama zuwa masaukai 28, suka ba kowace halitta bakwai. Wannan ya yi daidai a adadi da manazilai 28 na Larabawa, waɗanda manoman ƙasar Hausa suka san wasunsu a matsayin taurarin damina, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Jan tauraron da Larabawa suka ɗauka zuciyar kunama ne, wato na burujin Aƙrab, shi ne Sinawa suka ɗauka zuciyar Shuɗin Lung. Surayya, wadda Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta, tana cikin masaukan Farar Damisa. Ashe ke nan wanda ke neman taurari a bayan madubin, a da'irar ciki ya kamata ya neme su, inda Turawa ba su ce akwai burujai ba.

Babu rubutun da ya bayyana matsayin irin wannan madubi a zukatan mutanen lokacin kamar wani ƙagaggen labari mai suna Gujing Ji, wato labarin tsohon madubi, wanda ake jingina wa Wang Du na farkon ƙarni na bakwai. Mai labarin ya gaji madubin daga malaminsa a shekarar 611, ya kuma siffanta shi daki-daki daga ciki zuwa waje: tudun tsakiya a siffar wata dabbar almara a kwance, sai halittu huɗu kowace a shiyyarta, sai alamu takwas na littafin duba na Yijing, waɗanda kowace layi uku ce, cikakku ko tsinkakku, sai rassa goma sha biyu da dabbobinsu, sai wasu haruffa 24 a baki waɗanda aka ce suna wakiltar zangunan shekara 24 na lissafin rana. Huɗu, takwas, sha biyu, ashirin da huɗu: kowace da'ira tana ƙara yanka lokaci da wuri ƙanana-ƙanana, mai riƙe da igiyar kuma hannunsa yana kan cibiyar duka.

Abin da madubin ke yi a cikin labarin ya biyo bayan wannan siffa. Idan rana ta yi husufi shi ma sai ya dushe, in ta washe ya washe. A wani masauki ya haska wata baiwa kyakkyawa mai suna Yingwu, nan take ta faɗi tana roƙo, ta amsa cewa ita tsohuwar dabbar dawa ce mai shekara dubu da ta rikiɗa mutum. Ta san ba ta da sauran kwana, sai ta nemi a rufe madubin a bar ta ta sha giya ta yi waƙa na dare ɗaya. Aka yi mata haka, ta koma siffarta ta mutu. Marubucin bai ɓoye tausayinsa gare ta ba, abin da ya sa wannan sashe ya fi sauran labarin daɗewa a zuciya. A 617, shekara ɗaya kafin daular Sui ta rushe, aka ji kuka daga cikin akwatin madubin, kukan ya ƙaru har ya zama ruri, da aka buɗe babu komai. Tunanin da ke ƙarƙashin labarin ya girme shi. Tun a ƙarni na huɗu Ge Hong ya rubuta cewa masu bin tafarkin Dao idan za su shiga duwatsu sukan rataya madubi a bayansu, domin aljani yana iya yaudarar ido amma ba ya iya sauya siffarsa ta cikin madubi. Abin da dabbobin suka ƙara shi ne cikar tsaro: babu sa'a, babu wata, babu shiyyar da aka bari ba mai gadi. Wannan ne kuma ya sa suka dace da kabari, inda a zamanin Sui da Tang ake zana su a murfin dutsen tarihin mamaci, ko a jera gumakansu masu jikin mutum da kan dabba a kewayen ɗakin.

Labarin ya ce idan aka tari rana da madubin, zanen bayansa yakan fito a cikin hasken da ya jefa a bango. Wannan ba ƙage ba ne tsantsa. Akwai madubai na zamanin Han masu yin haka, wasu suna gidan tarihi na Shanghai. Shen Kuo ya danganta abin ga bambancin saurin hucewa tsakanin wuri mai kauri da siriri, binciken zamani kuma ya nuna cewa bambancin kaurin yana barin wasu 'yan lanƙwasa a fuskar waɗanda ido ba ya gani amma haske yana bayyana su.

Har lokacin zubin ma daga rassan ake zaɓo shi. Birnin Yangzhou shi ne cibiyar ƙirar madubi a zamanin Tang, kuma yakan aika wa fada da wani madubi na musamman da ake zubawa cikin jirgi a tsakiyar kogi, ranar biyar ga watan biyar da tsakar rana. Watan biyar watan wu ne, tsakar rana sa'ar wu ce, wato an haɗa wutar doki a kan ruwa. Mawaƙi Bai Juyi (772–846) ya yi waƙa a kan wannan madubi, inda ya fifita sarkin da ke ɗaukar mutane a matsayin madubinsa. An daɗe ana jin labarin irin wannan madubi a littattafai kawai, sai a 1998 aka gano wani jirgin ruwa ƙirar Larabawa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya wajejen 830. A cikin kayansa akwai madubi mai halittu huɗu da alamu takwas, wanda rubutunsa ya ce a Yangzhou aka zuba shi a tsakiyar kogi, amma a watan sha ɗaya na shekarar 758.

Yayin dabbobin ya ja baya a ƙarshen ƙarni na bakwai, da madubi mai zanen zakuna da inabi ya karɓe kasuwa. Sun dawo daga baya tare da alamu takwas a madubai masu alaƙa da addinin Dao, suka ci gaba har zamanin Song da Liao. Ɗaya daga cikin mafiya girma yana taskar Shosoin da ke Nara a ƙasar Japan, faɗinsa ya kusa santimita 60, nauyinsa ya haura kilo 50. Babu wanda zai ɗaga wannan don ya gyara gashin kansa.

6.0 Inda Sha Biyun Biyu Suka Haɗu

Madubi mai burujai na gaskiya akwai shi, amma a ƙasashen Musulmi aka yi shi. A ƙarni na 12 da na 13 maƙeran Farisa da Anatoliya sun riƙa zuba madubin tagulla zagayayye mai tudu a baya, fasalin da ake ganin daga Sin ya zo musu. Akwai wani da aka yi wa Artuƙ Shah, sarkin Harput a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ke ɗauke da taurari bakwai masu tafiya da burujai goma sha biyu. Yana ƙasar Danmak a yanzu. Su ma dabbobin Sinawa sun yi tafiya yamma ta hannun Turkawa da Mangolawa. Mahmud al-Kashgari ya bayyana su a ƙamusunsa na harshen Turkawa da ya rubuta da Larabci a shekarun 1070, kuma ƙasar Iran ba ta daina sa wa shekaru sunayensu a hukumance ba sai a 1925.

Burujai kuma sun shiga Sin tare da littattafan addinin Buddha da aka fassara daga Indiya, musamman wanda malami Amoghavajra ya tsara a 759. A Xuanhua da ke lardin Hebei akwai kaburburan wata zuriya mai suna Zhang ta zamanin daular Liao. A ƙubbar kabarin Zhang Shiqing, wanda ya rasu a 1116, an kafa madubin tagulla a tsakiya, an kewaye shi da furen bado, sai masaukai 28 da jajayen ɗigo, sai burujai goma sha biyu kowane cikin ɗan zobensa. An sa musu kamannin gida: Jauza ta zama mace da namiji cikin tufafin Sinawa, Jadyu ya zama kifi mai fiffike da kan lung. A kabarin wani ɗan zuriyar, Zhang Gongyou, wanda aka binne a 1117, mai zanen ya ƙara wata da'ira a can waje, inda mutum goma sha biyu ke tsaye cikin rigunan fada, kowanne da dabbar reshensa a kansa. Burujan suna da'irarsu ta ciki kusa da taurari, dabbobin suna tasu ta waje kusa da bangon ɗakin da mamacin ke kwance.